Kundin aikin makarɓan ƙoda: daga ɗan tayi zuwa babbar dabba

4 Nuwamba 2024

Aiki ya kankama a nan Gombe. Abin da ake bi shi ne makarɓa, wato furotin da ke zaune a tantanin sel yana jiran saƙo daga waje, da yadda ƙwayoyin gadon da ke ƙera su ke kunnuwa ko su yi shiru tun ƙoda tana cikin tayi har ta girma. Dabbobi huɗu za a yanka a auna: akuya, saniya, kaza da tarwaɗa. Mutum da ɓera kuwa a kwamfuta za a duba su, domin bayanansu na nan a buɗe. Ɗakin binciken Henrik Kaessmann a Jamus ya fitar da babban aiki a 2019 wanda ya bi gaɓoɓi bakwai, har da ƙoda, a mutum, biri, ɓeraye iri biyu, zomo, ofosum da kaza. Babu akuya a ciki, babu saniya, alhali su ne dabbobin da ke ƙofar gidanmu.

An kasa ƙwayoyin gadon gida biyu. Na farko masu gini ne. RET da abokin aikinsa GFRA1 suna zaune a bakin tohon bututun fitsari, suna karɓar saƙon wani furotin mai suna GDNF daga naman da ke kewaye, tohon ya riƙa yin rassa kamar bishiya. Tun 1994 aka nuna cewa ɓeran da aka cire wa RET yakan zo duniya ba ƙoda, ko da ɗan guntun da ba ya aiki. Tare da su akwai FGFR2, NOTCH2, PDGFRB da AGTR2. Na biyu ma'aikata ne, waɗanda ƙoda ke buƙata bayan an gama ginin: AVPR2 mai sa a tsotse ruwa, LRP2 da ake kira megalin mai kwashe furotin daga fitsarin farko, PTH1R da CASR masu kula da kalsiyam, sai AGTR1.

19 Nuwamba

Zuwa mayanka karo na uku, kuma yanzu ne tsarin ya zauna. Ana isa da an idar da sallar asuba, a tsaya kusa da likitan dabbobin da ke duba nama. Duk mahaifar da aka ga tana da tayi a ajiye ta gefe. Ba a biyan ko sisi a kan ɗan tayi, don kada a buɗe wa yanka dabba mai ciki kasuwa. Asarar da ake yi ta wannan hanya ta isa haka. Ƙodar babbar dabba ce ake saye a farashinta, don masu tsire na jiranta. Wani mahauci da ya ga ana yankar ɗan abin da bai kai ƙwayar gero uku ba ana mayar masa da sauran ya ce, "Likita, to wannan ai ko kyanwa ba za ta gode maka ba."

Daga yanka zuwa jefa nama cikin RNAlater, ruwan gishirin da ke hana RNA lalacewa, kada ya wuce minti 30. RNA shi ne kwafin saƙon da ƙwayar gado ke fitarwa idan ta kunnu, kuma shi ake aunawa. Kaurin yanki kada ya kai rabin santimita, ruwan kuma ya ninka naman sau 5 aƙalla. Idan yankin ya yi kauri, gishirin ba ya isa tsakiya da wuri, sai RNA na ciki ya ruɓe alhali waje lafiya lau. Amfanin wannan ruwa a garin zafi shi ne yana riƙe RNA kwana 1 a digiri 37, mako 1 a digiri 25, wata 1 a firji. Duk da haka a kula mai ƙanƙara ake ɗauko shi, ya kwana a digiri 4, washegari a kai firiza. Ƙodar hagu ta RNA ce, ta dama a jefa ta fomalin kashi 10 cikin 100 na awa 24.

Shekarun tayi ana ƙiyasta su ne da tsawonsa daga tsakar ka zuwa gindin wutsiya. Lissafin Richardson na tunkiya shi ne a ƙara 17 a kan tsawon a santimita, a ninka da 2.1. Na ɗan maraƙi a ƙara 21, a ninka da 2.5. Da lissafin tunkiya, tayin akuya mai santimita 12 zai ba da kwana 61, mai santimita 30 ya ba da 99. Sai dai da tumakin Turai aka gina lissafin. Jar akuya ba ta kai su jiki ba, tagwaye kuma sun fi tilo ƙanƙanta, don haka lissafin yakan rage musu kwanaki. Shi ya sa ake rubuta nauyi, yawan 'yan tayin da ke mahaifar, da ko gashi ya fara fitowa.

Tarko mafi muni a wannan mataki shi ne ƙullin adirenal. A ɗan tayi babba ne idan aka gwada shi da ƙodar, yana nan dab da kanta, kuma cike yake da RET da makarɓan anjiyotensin, wato AGTR1 da AGTR2. Ɗan ɓarɓashinsa kaɗai ya isa ya ɗaga sakamako sama. A cire shi ƙarƙashin madubi kafin a taɓa ƙodar, a canza reza. A ƙananan 'yan tayi kuma ragowar mesonefros, wato ƙodar wucin gadi, da ƙwayar haihuwa na kwance a gefe, su ma a raba su.

5 Disamba

Fitar da RNA, da hanyar Chomczynski da Sacchi ta 1987 a sigarta ta TRIzol. Nama miligiram 50 cikin mililita 1, a niƙe, a bar shi minti 5. Kulorofom mililita 0.2, a girgiza daƙiƙa 15, a juya a santirifuj da ƙarfin 12,000 g minti 15 a digiri 4. A kwashi ruwan sama, a zuba aisofurofanol mililita 0.5, minti 10, a sake juyawa, a wanke da itanol kashi 75.

A awon tsabtar RNA, zagayen farko ya ba da A260/280 kusa da 2, amma A260/230 ya faɗi ƙasa sosai. Dalili biyu ne. Ba a tsane naman daga RNAlater da takarda ba kafin niƙa, gishirin ya biyo shi. Sannan an yi kwaɗayin kwashe ruwan sama har ƙarshe, bakin fifet ya taɓa farin layin da ke tsakani. Yanzu ana barin kusan kashi ɗaya cikin biyar, ana wankewa da itanol sau biyu. A jel ɗin da ake duba lafiyar RNA da shi, layin 28S ya kamata ya ninka na 18S haske. Wanda ya fito kamar an ja tsintsiya a kan yashi, a zubar.

Hunturu ya shigo da ƙura. An toshe tagogi, ana goge tebur kafin a fara da bayan an gama, kwalabe a rufe ko da na daƙiƙa goma ne. Wuta ta ɗauke dare guda, janareta bai tashi ba, firiza ta narke. Naman da ke cikin RNAlater ya tsira. RNA da aka riga aka narkar a ruwa ya lalace. Daga yau duk RNA da ba za a mayar da shi cDNA, wato kwafinsa na DNA, a ranar ba, a bar shi a daskare cikin itanol.

17 Disamba

Tsara firaima, wato gajerun guntayen DNA da ke nuna wa PCR, hanyar ninka DNA zagaye bayan zagaye, sashen da za a ninka. Na akuya daga jerin gadonta na ARS1, na saniya daga ARS-UCD1.2. Dabbobin biyu sun yi kusa har ana iya samun wurin da firaima ɗaya za ta yi wa duka aiki, kuma an fi son hakan. Tsawon abin da za a ninka tsakanin harafi 70 zuwa 150.

Ka'ida ita ce firaima ta tsallake intron, wato guntun da ke cikin DNA amma ake yanke shi daga RNA, don kada DNA da ya saura ya shiga lissafi. AGTR1 da AGTR2 ba su ba da wannan dama cikin sauƙi ba: duk sashen da ke ƙera furotin ɗinsu a cikin ekzon ɗaya yake, babu intron a tsakiyarsa. Saboda haka DNase, enzayim mai narkar da DNA, dole ne, kuma kowane samfuri sai an yi masa kwalbar da ba a sa enzayim ɗin juya RNA zuwa cDNA ba. Idan wannan kwalba ta tashi ƙasa da zagaye 5 bayan ta gaske, samfurin ya koma DNase.

Suna ɗaya ba ya nufin ƙwayar gado ɗaya. Mutum AGTR1 ɗaya gare shi, ɓera biyu: Agtr1a, wanda ya fi yawa a ƙoda, da Agtr1b. Kifaye masu ƙashi sun ninka gadonsu gaba ɗaya tun zamanin kakanninsu, shi ya sa kifin zebra ke da lrp2a da lrp2b, da gfra1a da gfra1b. A kaza kuma makarɓin da ake kira VT2 ba ɗan'uwan V2, wato AVPR2, na ƙodar dabba mai shayarwa ba ne, ya fi kusa da V1b na ƙullin fituwitari. Wanda ya bi lambar 2 kawai zai auna abin da bai nufa ba. Duk abin da firaimar kaza da ta tarwaɗa suka ninka za a aika a karanta jerinsa kafin a yarda da shi.

14 Janairu 2025

Gwajin ingancin firaima da tsarma cDNA ninki goma-goma har hawa biyar. Ana son gangaren layi kusa da -3.32, inganci tsakanin kashi 90 zuwa 110. Cuɗin maikurolita 10, SYBR Green, firaima nanomola 300, zagaye 40, haɗewa a digiri 60. Firaimar CASR ta farko ta ba da tudu biyu a narkewa, an sauya ta.

An sauke GAPDH, ƙwayar gadon da ke aiki wajen ƙona sukari, daga matsayin ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Ƙodar tayi ta dogara sosai da ƙona sukari, bututun farko na babbar ƙoda kuwa da kitse ya fi aiki, don haka GAPDH da kansa yana motsi tsakanin matakan da ake son gwadawa. Ba a awon hatsi da mudun da ke canza girma tsakanin safe da yamma. An gwada PPIA, HPRT1, YWHAZ, SDHA da TBP da manhajar geNorm, za a riƙa amfani da uku mafi natsuwa tare, kuma kowace dabba da nata ukun.

3 Fabrairu

Sakamakon farko na akuya ya bi hanyar da aka sani. RET, GFRA1 da AGTR2 sama a tayi, ƙasa ƙwarai a babba. LRP2, AVPR2, PTH1R da CASR suna hawa. Har an fara zana jadawali, sai gilasan madubi masu ɗauke da siraran yankan ƙoda da aka rina suka dawo, suka tsayar da komai.

A yanka mai kaurin maikuromita 4, da rinin hematoksilin da iyosin, yankin da ake ƙera sababbin nefuron, wato ƙananan matatan da ke yin fitsari, yana fitowa a matsayin siririn zobe mai shuɗi-shuɗi dab da yanar ƙoda. A cikinsa ake ganin bakin toho da hular sel a kansa, sai ƙananan jikuna masu siffar waƙafi da masu siffar S, waɗanda za su zama nefuron. A tayin kwana 61 zoben ya ci kaso mai tsoka na ƙodar. A na kwana 99 yana nan da ransa, ana ƙira a cikinsa, amma naman da ke ƙarƙashinsa ya ninka sau da yawa. Ke nan idan aka niƙe ƙoda sukutum, RET zai yi kamar yana raguwa daga 61 zuwa 99 ko da kowane sel na bakin toho yana ƙera shi daidai yadda yake yi tun farko. Cokalin gishiri ɗaya ne, tukunyar ce ta ƙara girma.

Haka abin yake ta ɗaya ɓangaren. Hawan LRP2 na iya zama kowane sel ya ƙara ƙira, yana kuma iya zama bututun farko ne suka yi yawa suka yi tsawo har suka cika ɓawon ƙoda. Injin PCR ba ya bambance waɗannan biyu.

An yi gyara uku. Na farko, an daina niƙa ƙoda gaba ɗaya: ƙarƙashin madubi ake fere milimita 1 na waje daban, tsakiyar ɓawo daban, ɓargo, wato can cikin ƙodar, daban. Na biyu, kowane makarɓi an haɗa shi da alamar sel ɗin da yake zaune a ciki: AVPR2 da AQP2, LRP2 da SLC34A1, CASR da UMOD, masu gini kuma da SIX2, wanda ke nuna yawan sel masu haifar da nefuron. An ƙi WNT11 a matsayin alamar bakin toho, domin RET ne ke kunna shi, zai riƙa binsa duk inda ya nufa. Na uku, babu samfurin da zai shiga jadawali sai da gilashinsa.

Ƙodar saniya ta ƙara nata. Ta akuya sumul take, ta saniya kuwa curi-curi ce, kowane curi da ɓawonsa da ɓargonsa. Wanda ya yanka ta kwarin da ke tsakanin curi biyu zai ɗebo ɓawo ninki biyu. Daga ƙoƙon curi ake yanka, a miƙe zuwa ciki.

24 Fabrairu

An zauna a kan yadda za a jera dabbobin gefe da gefe. Ranar haihuwa ba ta da amfani a nan. A mutum toho yana fitowa a mako na 5, ƙirar nefuron tana ƙarewa wajen mako na 36, kafin haihuwa, kuma ba a ƙara ko ɗaya bayan nan. Kusan kashi 60 cikin 100 a watanni ukun ƙarshe ake yin su. Yawan da mutum ke tashi da shi ya bambanta ƙwarai, daga kusan 200,000 zuwa sama da miliyan 2 a ƙoda ɗaya. Tunkiya ma kafin haihuwa take gamawa, wajen kwana 130 cikin kusan 150 na ciki. Ɓera kuwa tohonsa na fitowa a kwana 10 da rabi, ana haifarsa ƙira na ci, sai kamar kwana 3 bayan haihuwa ta tsaya. Jaririn ɓera, ta fuskar ƙoda, tayi ne. Wanda ya ajiye shi kusa da ɗan akuyar da aka haifa jiya ya ce ya ga bambancin nau'in dabba, matakin girma ya gani.

Don haka an ajiye kwanaki, an koma ga abin da gilashi ke nunawa: ko zoben ƙira na nan, da yawan sahun ƙullin tacewa idan aka ƙirga a miƙe daga ɓargo zuwa yana. Matakai huɗu aka yanke: farkon rassa, tsakiyar ƙira, dab da rufewa, bayan rufewa. Bayanan mutum da ɓera na kwamfuta su ma an zuba su cikin waɗannan huɗun.

Sannan ba a gwada lambar zagayen PCR ta akuya da ta kaza kai tsaye. Firaima daban, inganci daban, ma'auni daban. Abin da ake gwadawa shi ne siffar tafiya: a cikin kowace dabba, ina abu ya hau, ina ya sauka, idan aka ɗauki babbarta a matsayin 1.

Mataki na uku ne ya yi ƙaranci. Akuyar da cikinta ya kai kwana 120 kowa na ganinsa, ba a cika kawo ta mayanka ba, kuma haka ya dace. An roƙi likitocin dabbobi na cikin gari da na wajen Kumo su sanar idan aka samu ɓari ko wadda ta mutu wajen haihuwa, in dai ba a wuce awa ɗaya ba.

18 Maris

Kaza. Ƙwai a injin ƙyanƙyasa a digiri 37.5, ana juyawa, ana buɗewa a kwana 8, 12, 16 da 20, ana tantance mataki da jadawalin Hamburger da Hamilton na 1951. Zafin bazara ya sa da rana ɗakin kansa yana neman wuce abin da injin ke so, injin kuma dumamawa kawai ya iya. An mayar da shi ɗakin da rana ba ta bugu, ana cika tiren ruwa sau biyu a yini.

A kwana 8 abin da ido ke fara gani, babba ja-ja, mesonefros ne, ƙodar wucin gadi da ke yi wa ɗan tsako aiki a cikin ƙwai kafin ta shanye wajen ƙyanƙyasa. Ƙodar dindindin tana bayansa, ƙarama, fara-fara. Samfura biyu na farko an gauraya su, LRP2 ya fito da yawan da bai dace da ƙodar da ba ta gama tsiro ba. An jefar. Jan jinin tsuntsu kuma yana da cibiya mai DNA, saɓanin na akuya, don haka sai an ɗauraye naman a ruwan gishiri mai sanyi, an kuma tsawaita DNase.

9 Afrilu

Tarwaɗa daga masunta na Dadin Kowa, da rai ake kawo su cikin jarka. Ƙodar kifi doguwa ce, ja mai duhu, manne da ƙashin baya. Ita mesonefros ce har tsufa, ba ta da lanƙwasar Henle, ba ta da AQP2, don haka haɗin AVPR2 da AQP2 da aka yi wa akuya bai shafe ta ba. Sashen gaba ba ya tace fitsari, jini yake ƙerawa, a bar shi. A sashen baya akwai wasu 'yan fararen ƙwayoyi da ake kira jikunan Stannius, masu ɗauke da CASR. Idan ba a tsince su ba, lambar CASR tasu ce.

PCR ya ƙi tashi a samfuran farko duk da RNA mai kyau. Baƙin launin melanin da ke taruwa a ƙodar kifi ne ke danne enzayim. Tsarma cDNA ninki 10 da ƙara furotin ɗin BSA maikurogiram 0.4 a kowace maikurolita ya warware matsalar.

Dalilin sa tarwaɗa cikin aikin shi ne kifi ba ya rufe ƙira. Yana ƙara nefuron yayin da yake girma, yana kuma yin sababbi bayan rauni. A gilashin babbar tarwaɗa an ga 'yan dunƙule masu shuɗi jingine da bututu, irin waɗanda a akuya sai a tayi ake ganinsu. A jadawalin matakai huɗu, gurbin "bayan rufewa" na tarwaɗa zai zauna fanko.

6 Mayu

An fara neman furotin ɗin kansa a gilashi, tunda RNA ba ya tabbatar da cewa makarɓi ya isa tantanin sel. Ana dafa gilashi a ruwan sitiret mai pH 6 minti 20, a kashe feroksides na nama da haidirojin feroksaid kashi 3. Zagayen farko duk bututun farko sun yi ruwan ƙasa, har a gilashin da ba a sa masa antibodi ba, wato abin da ke kama furotin ɗin da ake nema. Ƙoda tana da bayotin nata mai yawa, hanyar da aka bi kuma da bayotin take aiki. An koma hanyar folima.

Megalin ya fito tsaf a gefen bututun da ke fuskantar fitsari, a akuya da saniya duka. Ta wannan ƙofa ce maganin jentamaisin ke shiga sel ya taru, shi ya sa lokacin da megalin ke kai ƙarfinsa ya shafi duk mai yi wa jariri ko ɗan maraƙi wannan allura. AGTR1 kuwa an fasa rina shi. An sha nuna cewa antibodi da dama da ake sayarwa dominsa suna ba da launi iri ɗaya har a ɓeran da aka cire wa makarɓin, don haka a RNA za a tsaya.

An ƙara PLA2R1 cikin jerin. A 2009 aka gano shi ne abin da garkuwar jiki ke kai wa hari a yawancin masu wata cutar ƙoda da ke kumbura tantanin tacewa tana zubar da furotin a fitsari. Yana nan a ƙullin tacewa na mutum, amma babu shi a na ɓera. Za a duba ɓangaren da akuya da saniya suka faɗa, a haɗa shi da NPHS2 a matsayin alamar sel. Firaima ta iso. Ƙullin tacewa za a ware daga ɓawon babbar ƙoda ta hanyar tacewa a rariyar ƙarfe hawa-hawa, a kan ƙanƙara, a duba ɗigo ɗaya a madubi kafin a zuba TRIzol. Idan gutsattsarin bututu sun wuce ɗaya cikin goma, a sake tacewa.